Cutar MS a Ma'aunin Alƙaluma: Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ke Nunawa, da Abin da Ya Shafi Sarkin Yamma

A shekarar 2020 an ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.8 ne ke fama da cutar MS a duniya. Adadin ya fito daga kundin Atlas na Tarayyar Ƙungiyoyin MS ta Duniya, wanda a fitowarsa ta 2013 ya ce miliyan 2.3 ne. Idan aka raba shi da yawan al'ummar duniya, mutum 36 ke nan cikin kowane 100,000. Sai dai rabon bai zo daidai ba. A Turai mutum 133 ne cikin 100,000, a nahiyoyin Amurka 112, a Afirka kuwa 5 kacal.

Mutumin Sarkin Yamma, a gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, idan ya ga wannan 5 zai iya cewa ai wannan ciwon Turawa ne, mu zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da tamowa sun ishe mu. Yana da gaskiya ta wani gefe, don cutar ba ta kai waɗancan yawa ba ko kusa. Amma wannan 5 ba yawan masu ciwo kaɗai take aunawa ba. Tana auna yawan na'urorin hoto da yawan likitocin jijiyoyi da nisan hanya zuwa gare su. Kuma ko inda na'ura ta wadata, binciken shekara 40 ya nuna cewa hoto ba ya faɗin duk abin da ke damun tunanin majiyyaci. Waɗannan abubuwa biyu ne za mu bi da alƙaluma.

Ciwon kansa

MS taƙaitaccen suna ne da ake amfani da shi a ƙasashen Ingilishi. Likitocin Nijar da suka yi karatu da Faransanci SEP suke cewa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani. Dogayen jijiyoyin da ke cikin waɗannan wurare suna da kube na kitse da ake kira mayelin, wanda ke sa saƙo ya yi gudun da kan kai mita 120 a sakan ɗaya. Jijiyar da aka halitta ba kube, saƙonta da wuya ya wuce mita 2 a sakan. A cutar MS garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa wannan kube. Wurin ya kumbura, daga baya ya bar tabo, saƙo ya riƙa jinkiri ko ya tsaya.

Abin da majiyyaci ke ji ya danganta da inda tabon ya faɗa. Wata ganinta zai dushe a ido ɗaya, da zafi in ta juya idon. Wani ƙafarsa za ta yi nauyi, ko hannu ya mace masa, ko ya riƙa tangaɗi da jiri, ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Ya bambanta da shanyewar ɓarin jiki da ke zuwa farat ɗaya: wannan yana tasowa cikin sa'o'i ko kwanaki, ya zauna fiye da kwana guda, sannan ya lafa bayan makonni. Kimanin kashi 85 cikin 100 na masu cutar haka take fara musu, ta taso ta lafa. Sauran kuwa tun farko a hankali take ci gaba ba hutu. Matsakaicin shekarun da ake gano ta 32 ne, kuma cikin kowane majiyyata uku, biyu mata ne. Wato ciwo ne na mai goyo da mai noma, ba na tsufa ba.

Ba a ɗaukar MS daga wani, ba ta kuma bin jini kai tsaye kamar sikila. A 2022 masu bincike na Jami'ar Harvard sun wallafa nazarin bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, waɗanda 955 daga cikinsu suka kamu. Sun gano haɗarin kamuwa ya ninka sau 32 bayan shigar ƙwayar Epstein-Barr jiki. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya lafiya lau, don haka ita kaɗai ba ta isa ta haifar da ciwon ba.

19 da 131

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana cutar a Paris a 1868. Fiye da shekara 100 bayan haka, ba a ganin tabon sosai sai a gawa. A 1981 ne Ian Young da abokan aikinsa a asibitin Hammersmith da ke Landan suka sa majiyyata 10 cikin sabuwar na'urar hoton maganaɗisu, wadda ake kira MRI, a Nijar kuma IRM. Na'urar sikana da aka saba amfani da ita ta nuna tabo 19 a ƙwaƙwalensu. MRI ta nuna waɗannan 19 duka, ta ƙara da wasu 112. Jimilla 131, kusan ninki bakwai.

Wannan tazara tana da amfani ga duk wanda aka taɓa tura wa ɗan'uwa sikana. Idan sikana ta fito ba komai, ba a kore MS ba. Sikana gwana ce wajen nuna jini da ya zuba a ka, da karaya, da babban ƙari, amma yawancin tabon MS wuce ta yake yi.

Da aka fara ɗaukar majiyyata hoto wata-wata, sai wani adadi ya ƙara fitowa: sababbin tabo suna bayyana sau 5 zuwa 10 fiye da yadda ciwon ke tasowa a fili. Ma'ana mutum yana yawo yana cewa ya ji sauƙi, ciwon kuwa yana aikinsa a ɓoye. Shi ya sa ƙa'idojin McDonald na gano cutar, da aka fitar a 2001 aka kuma sabunta a 2005 da 2010 da 2017 da 2024, suka ɗora nauyi mai yawa a kan MRI. Likita yana neman shaidar cewa tabon ya watsu a wurare daban-daban, sau da yawa kuma da shaidar cewa ciwon ba na lokaci guda ba ne. Inda ba MRI, wannan shaida tana wuyar haɗuwa.

43 cikin 100

An daɗe ana ɗaukar MS ciwon ƙafa da ido, ko da yake Charcot da kansa ya lura da raunin tuna abu a majiyyatansa. A 1991 Stephen Rao a birnin Milwaukee na Amurka ya gwada majiyyata 100 da masu lafiya 100, ya samu 43 daga cikin majiyyatan suna da tangarɗar tunani. Binciken da ya biyo baya ya sa adadin tsakanin kashi 40 da kashi 70 cikin 100.

Me ya sa tazarar ta yi faɗi haka? Wani nazari na majiyyata 1,040 a Italiya da aka wallafa a 2017 ya ba da amsa. Waɗanda ciwon ya taso musu sau ɗaya kawai, kashi 34.5 ne ke da tangarɗar. Masu nau'in da ke tasowa ya lafa, kashi 44.5. Waɗanda ya rikiɗe musu zuwa mai ci gaba, kashi 79.4. Waɗanda tun farko mai ci gaba ne, kashi 91.3. Duk binciken da ya tara sababbin majiyyata matasa zai ba da ƙaramin adadi, wanda ya tara waɗanda suka daɗe zai ba da babba. Amma a kula da wancan 34.5: tun a tashin farko, mutum ɗaya cikin uku ya riga ya taɓu.

Tangarɗar ba hauka ba ce, ba kuma irin ruɗewar tsufa ba ce. Majiyyaci ya san mutanensa, ya san sallarsa, harshensa bai karye ba. Abin da ya fi raunana shi ne saurin sarrafa bayani, sai riƙe sabon abu. Macen da a da take ba da canji tana amsa gaisuwa tana kallon yaro lokaci guda, yanzu sai ta tsaya ta yi ɗaya bayan ɗaya. Malamin makaranta ya rasa bakin zaren darasi in yara suka yi surutu. A gida sai a ce ƙiwa ce, ko raini, ko iska ta taɓa ta, ko an yi mata sammu. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna wannan jinkirin tunani yana cikin manyan dalilan da ke raba masu MS da aikinsu, ko da ƙafafunsu na tafiya.

Sakan 90

Gwajin da ya fi kama wannan jinkiri ba ya buƙatar lantarki. Ana kiransa SDMT, Aaron Smith ne ya tsara shi, aka wallafa shi a 1973. Takarda ɗaya ce. A samanta akwai alamomi 9, kowace an haɗa ta da lamba daga 1 zuwa 9. A ƙasa alamomin ne jere ba lambobi. Majiyyaci yana faɗin lambar kowace alama da baki, iya saurinsa, tsawon sakan 90. Makinsa shi ne yawan amsar da ya ba da daidai. A binciken rukuni, sauyin maki 4 ko kashi 10 cikin 100 ana ɗaukarsa sauyi mai tasiri a rayuwa. A 2012 wani kwamitin masana ya haɗa wannan gwaji da wasu biyu, na riƙe jerin kalmomi da na riƙe zane, suka zama BICAMS, wanda ake gamawa cikin minti 15.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Maki shi kaɗai ba ya cewa komai sai an gwama shi da na masu lafiya da suka yi daidai da majiyyaci a shekaru da karatu. Yawanci ana cewa akwai tangarɗa idan mutum ya faɗa cikin kashi 7 na ƙasa a jerin masu lafiya. To, masu lafiyar ina? A Nijar manyan da suka iya karatu da rubutun boko ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, mata a karkara kuma sun fi ƙaranci. Ƴar kasuwar da ke lissafin kuɗi da dala da jika a ka, ba kuskure, tana iya faɗuwa wannan gwaji don kawai ba ta saba da lambar boko a takarda ba. Idan aka auna ta da mizanin mutanen Paris, za a ce tana da ciwo alhali lafiyarta ƙalau. Jerin kalmomin ma dole ya zama na abubuwan da Bahaushe ya sani. An daidaita BICAMS da harsuna da dama, har da Larabci da Farisanci. Hausa, mai masu magana miliyoyi a Nijar da Najeriya, tana buƙatar nata, da mizanin masu boko, da na masu allo, da na waɗanda ba su yi ko ɗaya ba.

0.30, wato kashi 9

Hankali zai ba mutum cewa wanda ya fi yawan tabo a hoto shi zai fi jinkirin tunani. A 2017 masu bincike a Edinbara ta Sikotilan sun tattara nazari 50 da suka ƙunshi majiyyata 2,891 don auna wannan. Ma'aunin alaƙa lamba ce daga 0 zuwa 1: idan 0 ce ba alaƙa, idan 1 ce abu biyun tare suke tafiya ƙafa da ƙafa. Abin da suka samu 0.30 ne, ta fuskar cewa in tabo ya ƙaru maki na raguwa. Idan aka ninka 0.30 da kanta, 0.09 ake samu. Wato yawan tabo yana bayyana kimanin kashi 9 ne kawai cikin 100 na bambancin tunani tsakanin majiyyata. Sauran kashi 91 suna wani wuri.

An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciwo gani bai kori ji ba. Ana samun mai tabo birjik yana gudanar da kasuwancinsa, ana samun mai tabo kaɗan ya kasa bin hira. Masanin hoto ɗan Holan, Frederik Barkhof, ya yi fice wajen bayyana wannan saɓani tsakanin hoto da halin majiyyaci. Dalilansa sun fito fili a hankali. Na ɗaya, wurin tabo ya fi yawansa muhimmanci: ƙarami a babbar mahaɗa ya fi goma a gefe ɓarna. Na biyu, MRI ta yau da kullum tana ganin tabon farin sashen ƙwaƙwalwa, amma yawancin tabon ɓawonta mai launin toka ba ta kama shi. Na uku, wuraren da suka fito lafiya a hoto ma suna da lahani da sai na'urar bincike ke gani. Na huɗu, ƙwaƙwalwa tana sauya hanya ta rufe giɓi, kuma mutanen da suka saba aiki da tunani sun fi jure lahani iri ɗaya. Sai kuma abubuwan da ba su fitowa a hoto sam: baƙin ciki, rashin barci, gajiya, ƙarancin jini, da wasu magunguna.

16.8 da rabin kashi ɗaya

Da tabo ya gaza ba da cikakkiyar amsa, masu bincike suka koma auna girman ƙwaƙwalwar kanta. Ta mai lafiya tana raguwa da kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin 100 a shekara. Ta mai MS, musamman marar magani, kashi 0.5 zuwa 1.35. Lambobin ƙanana ne a ido, amma a tara su. Mai rasa 0.2 a shekara zai rasa kusan kashi 2 cikin shekara 10. Mai rasa 1 zai rasa kusan kashi 10, kuma yana iya zama ɗan shekara 40 ne kawai.

Akwai wani sashe a can tsakiya da ake kira talamus, inda saƙonnin gani da ji da taɓawa ke yada zango kafin su wuce ɓawon ƙwaƙwalwa. A 2007 wani nazari a Amurka kan majiyyata 79 ya samu talamus ɗinsu ya gaza na masu lafiya da kashi 16.8 cikin 100, kuma girmansa ya bi makin gwajin tunani fiye da yadda yawan tabo ya bi. Tun daga lokacin motsewar wannan sashe ta zama ɗaya daga cikin alamomin da aka fi dogara da su a bincike.

Sai dai awon yana da tarko. A 2005 wasu likitoci a Jamus sun nuna cewa ƙin shan ruwa na sa'a 16 ya rage girman ƙwaƙwalwar masu lafiya a hoto da kashi 0.55, da suka sha ruwa kuma ta koma har ta ɗan ɗara. Ƙishirwar yini ɗaya ta yi daidai da asarar shekara guda ta mai ciwo, a takarda. Wannan ba lahani ba ne, ruwa ne ke fita ya dawo. Amma duk mai son yin irin wannan awo a ƙasar Maraɗi, inda zafin bazara ke haura maki 40 kuma jama'a ke azumi, dole ya rubuta lokacin da aka ɗauki hoton da abin da majiyyaci ya sha.

Zafin ma yana taɓa ciwon kai tsaye. Tun 1890 likitan ido Wilhelm Uhthoff ya lura ganin wasu majiyyata na dushewa in jikinsu ya ɗumama. Kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na masu MS suna jin alamominsu sun tsananta da zafi, kuma hawan rabin maki a zafin jiki ya isa. Wani nazari na 2012 a Amurka ya samu makin tunaninsu ya fi ƙasa a ranakun zafi, na masu lafiya kuwa bai motsa ba. Gwajin da aka yi da azahar a watan Afrilu da wanda aka yi da hantsi a lokacin hunturu ba ɗaya ba ne.

Mu sauke 5 ɗin a gida

Ƙidayar 2012 ta ba ƙaramar hukumar Sarkin Yamma mutum kimanin 36,000. Gundumar Madarumfa, da ta haɗa Sarkin Yamma da Safo da Jiratawa da Gabi da Ɗan Isa da Madarumfa kanta, tana da kimanin 449,000. Jihar Maraɗi miliyan 3.4, Nijar baki ɗaya miliyan 17.1. Abin da ke biye lissafi ne, ba ƙidayar majiyyata ba. Idan aka ɗora 5 cikin 100,000 a kan waɗannan, Sarkin Yamma za ta samu mutum 2, gundumar Madarumfa 22, jihar Maraɗi 170, Nijar fiye da 850. Da a ce mizanin Turai ne, da Sarkin Yamma kaɗai ta samu 48. Jama'a kuma sun ƙaru sosai tun 2012. A gefe guda, kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, ba su shiga shekarun da ciwon ya fi kamawa ba, wanda ke jan lissafin ƙasa.

Yanzu a ajiye wannan kusa da abin da aka rubuta. A 2019 likitocin jijiyoyi na Yamai sun wallafa rahoto a mujallar Revue Neurologique kan cututtukan da ke cin kuben jijiya, MS da danginta duka. Majiyyata 7 suka kawo, cikin shekara 21, daga 1996 zuwa 2017. Ko da a ce lissafinmu ya wuce gaskiya da ninki goma, tsakanin 85 da 7 akwai mutanen da ba wanda ya kira ciwonsu da sunansa. Masunci a tafkin Madarumfa da ya jefa koma mai manyan idanu ya fito da kifi bakwai, bai isa ya ce bakwai ne a tafkin ba.

An daɗe ana koyar da cewa baƙar fata ba ta cika kamuwa ba. A 2013 wani nazari a kudancin Kalifoniya, inda kowa ke ƙarƙashin tsarin kula da lafiya ɗaya, ya samu sababbin kamuwa 10.2 cikin 100,000 a shekara ga baƙaƙe, 6.9 ga farare. Ba za a kwashe wannan a ɗora wa Maraɗi ba, don muhalli da rana da gauraya ta jini sun bambanta, kuma ciwon ya fi yawa a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Amma ya rushe zancen cewa launin fata katanga ne.

84 ga miliyan 372

Wani bincike da masana hoto na Ibadan suka jagoranta ya ƙirga na'urorin MRI a Afirka ta Yamma a 2016. An samu 84 ga mutum miliyan 372. Najeriya ce ke da 58, Gana 14, sauran ƙasashen suka raba 12. Na'ura ɗaya ke nan ga mutum miliyan 4.4. A wannan rabo, duk jihar Maraɗi ba ta cika na'ura guda ba. Japan tana da fiye da 50 ga kowane miliyan. Kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na na'urorin Najeriya a lokacin masu raunin maganaɗisu ne, alhali aikin MS ya fi son masu ƙarfin tesla 1.5 ko 3.

Ɓangaren ma'aikata ma haka. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna ƙwararrun jijiyoyi 9 ga kowane mutum 100,000 a Turai, a Afirka 0.1, wato ɗaya ga miliyan. Mara lafiya daga ƙauyen Sarkin Yamma zai fara da ƙaramar likita, a tura shi asibitin gunduma, daga nan Maraɗi, wani lokaci har Yamai mai nisan fiye da kilomita 600, ko ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya tsallaka Katsina ko Kano. Kowane zango kuɗin mota ne da na abinci da na mai jinya. Ciwon da ke lafawa da kansa bayan makonni kuwa, kafin a haɗa kuɗin ya lafa, sai a ce maganin gida ne ya yi, a zauna sai tashi na gaba.

Akwai abin da ke ba da fata. Ƙaramar na'urar Swoop ta kamfanin Hyperfine, mai ƙarfin tesla 0.064, ana tura ta a kan taya, tana aiki da wutar soket. Amurka ta amince da ita a 2020, an kuma yi aiki da ita a asibitin Blantyre na Malawi. Wani nazari na 2022 ya samu ta kama tabo a kashi 94 cikin 100 na majiyyatan da babbar na'ura ta tabbatar suna da shi. Iyakarta ita ce ƙaramin tabon da ta gani ya kai kusan milimita 6, babbar kuwa har na milimita 2. Ba ta maye gurbin babba ba, amma za ta iya nuna wanda ya cancanci doguwar tafiya.

18 cikin 100

Samun na'ura ba ya nufin an gama. A 2019 an duba majiyyata 241 da aka tura cibiyoyin MS biyu a Los Anjales da sunan suna da cutar, aka samu kashi 18 cikin 100 ba ita ke damunsu ba. Wasu sun shekara suna shan magani mai ƙarfi a banza. Farin ɗigo a hoto ba shaida ba ce ita kaɗai, kuma a ƙasar Hausa masu haifar da shi suna da yawa. Hawan jini yana yinsa. Kusan ɗaya cikin uku na yara masu sikila suna samun ƙananan tabo na toshewar jini ba tare da alama ba, kuma su ma yana taɓa musu karatu. Ƙanjamau da tarin fuka na laka suna iya kwaikwayon alamomin. Sai wata ƴar'uwar MS da ake kira NMO, mai kama jijiyar gani da laka da tsanani, wadda ta fi yawa a baƙar fata fiye da farare. Tun 2004 aka gano alamarta a jini, kuma wasu magungunan MS, irin su intaferon, ƙara mata wuta suke yi. Don haka hoto sai da tarihin ciwo, da gwajin jini, da likitan da ya zauna ya saurara.

Abin da ke hannunmu

MS ba ta da maganin warkewa, amma akwai masu rage tasowarta da sababbin tabo, kuma sun fi amfani in an fara da wuri. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga ciki a jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada: rituximab da cladribine da glatiramer. Tunanin ma ana iya horar da shi. A 2013 wani gwaji a Amurka kan majiyyata 86 ya nuna zama 10 cikin mako 5, ana koya musu saƙa abin da suke son riƙewa cikin labari da hoton zuci, ya inganta riƙonsu. Wannan horo ba ya buƙatar na'ura.

Kira na farko ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da takwarorinta na Kano da Sakkwato da Zariya da Katsina: su haɗa hannu su daidaita gwajin minti 15 da Hausa, su auna ɗaruruwan masu lafiya na birni da ƙauye don a samu mizani. Amfaninsa ba zai tsaya ga MS ba, zai kai ga masu sikila da waɗanda suka tashi daga sanƙarau da shanyewar ɓarin jiki. Na biyu ga asibitocin Maraɗi da Yamai: a buɗe rajista ɗaya da za a rubuta duk wanda aka samu da ciwon kuben jijiya, domin ƙasar da ba ta ƙirga majiyyatanta ba za ta sa maganinsu a kasafi ba. Na uku ga ma'aikatan ƙananan likitoci: matashin da ganinsa ya dushe a ido ɗaya, ko ƙafarsa ta mace fiye da kwana guda sannan ta dawo, a rubuta ranar, a tambaye shi ko ya taɓa yin irin haka, a tura shi gaba ko da ya ce ya warke.

Ku kuma iyaye da mazaje da ƴan'uwa, idan mace ko namiji mai ƙuruciya ya fara jinkirin fahimta da mantuwa tare da irin waɗannan alamomi, kada ku yanke masa hukuncin ƙiwa ko raini. Ku yi masa magana ɗaya bayan ɗaya, ku rage masa aikin tsakar rana, ku ba shi inuwa da ruwa, ku yi addu'a, sannan ku kai shi likita tun ciwon bai yi nisa ba.